Wane Horo Ya Dace da Shugabannin Ƙungiyarku? Kwatancin Hanyoyi Shida Kafin a Taɓa Kuɗin Jama'a

A kusan kowace unguwa ta Kano, Zariya, Katsina ko Sakkwato akwai ƙungiyar da wasu bayin Allah suka kafa domin yashe magudanan ruwa kafin damina, ko gyaran maƙabarta, ko ɗaukar nauyin karatun marayu, ko biyan kuɗin maganin marasa galihu a asibiti. Yawanci ana farawa da zafi da kyakkyawar niyya, amma bayan shekara biyu ko uku sai masu zuwa taro su ragu, kuɗin wata-wata su daina shigowa, a fara ƙus-ƙus a kan ma'aji, shugaba kuma ya wayi gari shi ne sakatare, shi ne mai karɓar baƙi, shi ne mai zuwa banki. A wannan gaɓar ne wani daga cikin 'yan kwamiti zai ce ana buƙatar horo, kowa ya amince, sannan a tsaya ana kallon juna, domin hanyoyin samun horon suna da yawa, kuɗin da ke asusu kuwa kaɗan ne, kuma amanar jama'a ne.

Na riƙe littafin sakatare na tsawon shekaru a wata ƙungiyar unguwa, na zauna a ɗakunan bita, na kuma ga abin da ya biyo baya idan an dawo gida. Abin da na fahimta shi ne, ba a gane amfanin horo a ranar da aka raba satifiket. Ana gane shi ne daga abin da ya rage a cikin ƙungiya bayan wanda aka horar ya yi aure ya tare a wani gari, ko an yi masa canjin wurin aiki, ko ya faɗi zaɓe ya yi fushi. Da wannan ido zan duba hanyoyin guda shida.

A fara gano ciwon

Kalmar horon shugabanci tana da faɗi, kuma ƙungiyoyi da dama suna sayen maganin ciwon da ba shi ke damun su ba. Ciwon farko, wanda ya fi yawa, na takardu da kuɗi ne: babu littafin shige da ficen kuɗi, babu rasit, babu rubutaccen bayanin abin da aka zartar a taro, kuma gudummawar jama'a tana shiga asusun mutum ɗaya. Na biyu na tafiyar da mutane ne, wato yadda ake gudanar da taro har a cimma matsaya, yadda ake raba aiki, yadda ake sulhu, da yadda shugaba zai sauka wani ya hau ba tare da ƙungiya ta dare gida biyu ba. Na uku na hulɗa da waje ne: rubuta takardar neman tallafi, kai koke ga ƙaramar hukuma ko majalisar jiha, da bayar da rahoto ga wanda ya ba da kuɗi.

Ciwon farko yana da alaƙa da doka, don haka bai kamata a ɗauke shi da wasa ba. Ƙungiyar da ta yi rajistar amintattu da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, tana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta wajabta mata miƙa rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, kuma sashe na 839 na dokar, wanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, ya buɗe ƙofar dakatar da amintattu idan aka sami almundahana ko rashin iya tafiyar da al'amura. Bankuna da yawa kuma sukan nemi lambar haraji da takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Duk horon da ya bar shugabanni ba su san waɗannan abubuwa ba ya bar baya da ƙura, komai daɗin laccar da aka yi a cikinsa.

Ma'aunai huɗu

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, kuma ina nufin kuɗin gaba ɗaya. Bayan abin da aka rubuta a takardar gayyata akwai kuɗin mota, masauki, abinci, data, buga takardu, da kuma cinikin da ɗan kasuwa ya rasa ko aikin gona da manomi ya bari a kwanakin da ya tafi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota kaɗai yakan cinye kaso mai tsoka na abin da ƙaramar ƙungiya ta ware.

Na biyu shi ne dorewa: shin ilimin zai zauna a kan mutum ɗaya ne, ko zai koma littafi, da ƙa'ida, da al'adar aiki da wanda ya zo daga baya zai tarar?

Na uku shi ne sauƙi, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Da wane harshe za a koyar? Ma'ajin da kowa ya amince da shi a unguwa zai iya kasancewa dattijon da ya yi karatun allo da na ilimi mai zurfi, yana rubuta ajami, amma Turanci bai zauna masa ba. Shin matar aure mai goyo za ta iya kwana uku a otal a wani gari? Shin lokacin bai faɗa cikin azumi, ko shuka, ko girbi ba?

Na huɗu shi ne haɗari, wato abin da ka iya lalacewa: kuɗi su salwanta, wanda aka horar ya gudu, hassada ta shiga tsakanin 'yan kwamiti, ko ƙungiya ta saki aikin da aka kafa ta dominsa ta koma bin abin da mai ba da kuɗi yake so.

Hanya ta ɗaya: bitar kwana biyu zuwa biyar

Wannan ita ce hanyar da kowa ya sani. Wata babbar ƙungiya ko wani shiri na ƙasashen waje yakan gayyaci mutum ɗaya ko biyu daga kowace ƙungiya, a tara su a otal a Kaduna, Kano ko Abuja, a yi lacca da aikin rukuni-rukuni, a ba da kuɗin mota da alawus. Ta fuskar kuɗi babu hanyar da ta fi ta sauƙi, tun da yawanci mai gayyata ne ke ɗaukar nauyin komai. Tana kuma da wani amfani da ba a cika ambata ba, wato sanin jama'a. A wurin shan shayi ne sakataren wata ƙungiya ta Gumel zai haɗu da takwaransa na Funtuwa su karɓi lambar juna, kuma wani lokaci wannan haɗuwar ta fi duk abin da aka nuna a allo amfani.

Rauninta yana wajen dorewa. An tsara abin da za a koyar ne domin ƙungiyoyi talatin a lokaci guda, ba a taɓa buɗe littafin ko ɗaya daga cikinsu ba, sau da yawa kuma da Turanci ake yi, sai ɗan fassarar da ake jefawa nan da can. Wanda ya je yakan dawo da jaka da kundin takardu, ya yi alkawarin isar da abin da ya koyo ga sauran 'yan ƙungiya, amma ranar ba ta zuwa. Na taɓa ganin kundin bita uku a kan kula da kuɗi a cikin durowar ofishinmu, alhali a lokacin ba mu da littafin kuɗi ko ɗaya.

Babban haɗarinta shi ne alawus. Da zarar an gane cewa zuwa bita yana kawo ɗan abin sawa a aljihu, sai zaɓen wanda zai je ya koma rabon ganima: shugaba ya tafi bitar da ta shafi aikin ma'aji, ko a tura ɗan wani babba wanda bai taɓa zuwa taro ba. Akwai kuma batun cewa rijiyar ta fara ja baya. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga bisani ta rufe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, Birtaniya ita ma ta sanar da rage kasonta na tallafi daga kashi 0.5 zuwa 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa. Ƙungiyar da ta jingina horon shugabanninta ga jiran gayyata za ta iya daɗewa tana jira. A kuma yi hattara da masu kiran bita suna karɓar kuɗin fom da alkawarin cewa wani tallafi na miliyoyi yana tafe ga duk wanda ya halarta, domin mai ba da tallafi na gaskiya ba ya sayar da fom.

Hanya ta biyu: karatu a jami'a, kwaleji ko cibiya

A arewacin Najeriya ba a rasa wuraren da ake koyar da wannan fanni da tushe ba. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin manya da hidimar al'umma, tana kuma da Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan marigayi Malam Aminu Kano, wanda aka mayar cibiyar bincike da horo kan dimokuraɗiyya a shekarar 2000. A harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen nazarin ƙananan hukumomi da raya ƙasa. A Kaduna akwai kwalejin tarayya ta harkokin ƙungiyoyin gama-kai, wadda ta dace ƙwarai da ƙungiyoyin adashi da na manoma. Wanda ba zai iya barin garinsu ba yana da jami'ar karatu daga gida, NOUN, mai cibiyoyi a jihohi.

Ta fuskar zurfin ilimi babu hanyar da ta kama ƙafar wannan. Wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu yana karatun lissafin kuɗi ko gudanarwa ya san dalilin kowace ƙa'ida, kuma takardar da ya samu tana da daraja a ko'ina. Sai dai ita ce mafi tsada, domin ban da kuɗin makaranta akwai zirga-zirgar watanni, kuma tana da sharuɗɗan shiga da za su hana dattawa da mata da yawa. Lokacinta ma ba koyaushe yake hannun ɗalibi ba, kamar yadda aka gani a 2022 lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas.

Haɗarin da ya fi damuna a nan shi ne, takardar ta mutum ce, ba ta ƙungiya ba ce. Matashin da aka biya wa kuɗin difloma daga gudummawar jama'a zai iya samun aiki a wata babbar ƙungiya a Maiduguri ko Abuja wata uku bayan ya gama, kuma ba za a ga laifinsa ba, tun da yana da iyali da buƙatu. Idan za a bi wannan hanya, a rubuta yarjejeniya a gaban iyayen ƙungiya cewa zai yi hidima ta wani adadin lokaci, kuma zai koyar da mutum biyu aikin kafin ya tafi. Ra'ayina shi ne ƙungiya ta biya wani kaso kawai, mai karatun ya biya sauran, domin shi ne zai fi cin moriyar takardar.

Hanya ta uku: karatu ta intanet

Akwai darussa masu kyau da ba a biyan ko sisi. Dandalin Kaya, wanda wata cibiya mai alaƙa da Save the Children ta kafa, yana ɗauke da kwasa-kwasai kan tafiyar da ayyuka, kula da kuɗi da kare yara, da Turanci da Faransanci da Larabci, abin da ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da masu ilimin Arabiyya za su iya amfana. Littafin Project DPro, wanda aka rubuta musamman domin masu ayyukan raya al'umma, ana sauke shi kyauta.

Abin da ake kashewa shi ne data da caji, kuma su ma ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Amfanin hanyar shi ne mutum yana karatu a ɗakinsa bayan sallar isha'i, wanda hakan ya buɗe ƙofa ga matan da ba za su iya tafiya ba. Matsalarta kuwa ita ce ƙarasawa, domin babu malamin da zai tambaye ka, kuma misalan da ake bayarwa na manyan ƙungiyoyi ne masu ma'aikata da motoci. Dabarar da na ga ta yi aiki ita ce a mayar da karatun na taro: mutum huɗu ko biyar su zauna sau ɗaya a mako da waya ɗaya, wanda ya fi jin Turanci ya fassara, sannan kafin a tashi a tambayi juna wane abu ɗaya za a canza a ƙungiya daga darasin yau. Haɗarin hanyar kaɗan ne, in ban da shafukan bogi masu sayar da satifiket.

Hanya ta huɗu: ɗauko mai horarwa ya zo gida

A nan ƙungiya ce ke neman wanda ya san aiki, ya riƙa zuwa ofishinta ko zauren da take taro sau ɗaya ko biyu a wata, na tsawon wata shida ko shekara, yana aiki da takardunta na gaskiya. Ba lallai ne ya zama mai babban suna ba. Akanta mai ritaya daga ma'aikatar kuɗi, tsohon jami'in raya karkara na ƙaramar hukuma, malamar jami'a 'yar unguwa, ko ma'aikacin wata babbar ƙungiya da ke son yin aikin lada, duk za su iya. Cibiyoyi masu zaman kansu irin su dRPC, mai bincike da ayyukan raya al'umma, da CITAD, mai aiki kan fasahar sadarwa da ci gaba, a Kano sun daɗe suna aiki da ƙananan ƙungiyoyi, kuma wuri ne mai kyau na fara tambaya.

Ga yadda irin wannan aiki yake tafiya idan an yi shi daidai. A zaman farko mai horarwa ba ya koyar da komai, tambaya yake yi: ina kundin tsarin mulki, yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, su wa ke sa hannu a asusu, ina bayanin asusu na wata shida da suka wuce. A zama na biyu sai a sayo littafi, ma'aji ya rubuta kuɗin watan da ya gabata da hannunsa, a gwada da abin da banki ya nuna, a nemo inda bambanci ya fito. Daga nan a zartar da ƙa'idoji kaɗan masu sauƙin riƙewa, misali mutum biyu daga cikin uku ne za su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, wanda ya amince da kashewa ba shi ne zai riƙe kuɗin ba, kuma a karanta rahoton kuɗi a kowane taron wata. A wani zaman mai horarwa zai zauna a gefe ya kalli yadda ake taro, bayan an tashi ya keɓe da shugaba ya nuna masa cewa mutum uku ne kawai suka yi magana, kuma an tashi ba a ce wa zai yi me ba, zuwa yaushe. Irin wannan gyara ba ya yiwuwa a ɗakin otal mai mutum sittin.

Kuɗin hanyar matsakaici ne, kuma ana iya daidaita shi da ƙarfin ƙungiya, daga kuɗin mota da ɗan ihsani zuwa cikakken lada na ƙwararre. Idan aka raba shi a kan mutum goma ko goma sha biyar da ke amfana a lokaci guda, sau da yawa bai kai abin da za a kashe a tura mutum biyu Abuja ba. Da Hausa ake yi, a lokacin da ya dace da jama'a, mata kuma za su iya halarta ko a shirya musu nasu zaman. Wajen dorewa ita ce kan gaba, domin abin da take bari littattafai ne da ƙa'idoji da mutane da yawa suka sani.

Tana da nata haɗarin, kuma ba ƙarami ba ne. Na farko, duk nasarar ta rataya ne a kan nagartar mutum ɗaya, don haka a tambayi ƙungiyoyin da ya taɓa yi wa aiki kafin a ɗauke shi, a kuma rubuta abin da ake so a gani a ƙarshen kowane wata uku. Na biyu, akwai mai horarwar da zai ga ya fi sauƙi ya yi aikin da kansa, ya rubuta wa ƙungiya tsarin mulki da takardar neman tallafi masu kyan gani waɗanda babu wanda ya fahimce su, ranar da ya tafi kuma a koma gidan jiya. Alƙalami ya kasance a hannun 'yan ƙungiya koyaushe. Na uku, buɗe littafi yakan tono abin da aka binne. Idan akwai gibi a kuɗi zai fito fili, kuma in ba a shirya yadda za a bi da shi cikin hikima da rufin asiri ba, tare da sa bakin iyayen ƙungiya, gyaran zai iya zama sanadin rabuwar kai. Saboda haka wannan hanya ba ta yiwuwa sai shugaba da ma'aji sun yarda da ita da zuciya ɗaya.

Hanya ta biyar: koyo daga 'yar'uwar ƙungiya

Gani ya kori ji. Ƙungiyar da ke fama da tattara kuɗin wata-wata za ta iya tura mutum uku su kwana biyu wurin wata ƙungiya a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka wadda ta shekara goma sha biyar tana yin haka ba tare da rigima ba, su zauna a taronta, su duba littattafanta, su yi tambaya. Ƙungiyoyin mata suna da babban misali a FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, wadda aka kafa a Minna a 1985, take kuma tafiyar da makarantu da asibitoci a jihohi da dama, ta sauya shugabanni sau da yawa ba ta rushe ba. Yadda ake miƙa ragama daga Amira, wato shugabarta, zuwa wata Amira darasi ne da ya fi shiga idan an ji shi daga bakin waɗanda suka yi.

Kuɗin hanyar bai wuce na mota da ɗan tsaraba ba, kuma babu shingen harshe ko na takardar makaranta. Mutane sun fi karɓar gyara daga wanda suke ganin tsaransu ne, mai fama da irin matsalarsu. Iyakarta ita ce ba za a koyi abin da ita mai masaukin ba ta sani ba, kuma ana iya kwaso kuskurenta tare da alherinta, musamman a abin da ya shafi doka da haraji. Ziyarar kuma takan rikiɗe ta zama yawon buɗe ido da ɗaukar hoto idan ba a rubuta tambayoyi tun daga gida ba.

Hanya ta shida: shirye-shiryen zaɓaɓɓun matasa

Akwai shirye-shiryen da ake shiga ta hanyar gasa, kamar shirin Mandela Washington da aka fara a 2014, wanda ke kai 'yan shekara 25 zuwa 35 jami'o'in Amurka na mako shida, da shirye-shiryen LEAP Africa, ƙungiyar horar da matasa shugabanci da ke Legas, da na WACSI, cibiyar ƙarfafa ƙungiyoyin farar hula ta Afirka ta Yamma da ke Accra. A gida kuma akwai cibiyar horon ɗa'a da shugabanci mai sansani a duwatsun Shere kusa da Jos, inda ake koyar da juriya da aiki tare. Waɗannan suna buɗe wa matashi ido, suna haɗa shi da mutane, kuma waɗanda ake shiga ta gasa yawanci kyauta ne. Amma gurbi kaɗan ne, ana buƙatar Turanci mai ƙarfi, waɗanda suka dogara da kuɗin gwamnatin Amurka kuma sai an bincika ko ana ɗauka a shekarar. Ƙungiya ta ƙarfafa wa matasanta gwiwa su nema, amma kada ta lissafa wannan a matsayin tsarinta na horo.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Dorewa a ƙungiya | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bita | Kaɗan, idan gayyata ce | Rauni | Matsakaici | Rigimar alawus, jiran gayyata |
| Makaranta | Mai yawa | Ya danganta da zaman mutum | Wuya | Tafiyar wanda aka horar |
| Intanet | Data da caji | Matsakaici, idan ana yi tare | Sauƙi ga mai Turanci | Rashin ƙarasawa |
| Mai horarwa a gida | Matsakaici | Ƙarfi sosai | Sauƙi | Dogaro da mutum ɗaya, tonon gibi |
| 'Yar'uwar ƙungiya | Kaɗan | Mai kyau | Sauƙi sosai | Kwaso kuskure |
| Shirin zaɓaɓɓu | Yawanci kyauta | Rauni | Wuya | Ƙarancin gurbi |

Wace ƙungiya, wace hanya

Sabuwar ƙungiyar da ba ta wuce shekara biyu ba, wadda ba ta da asusu da sunanta, ta fara da ziyarar 'yar'uwa, sannan ta nemi akanta mai ritaya a unguwa ya zauna da ma'aji da sakatare na wata uku. Ba ta buƙatar koyon rubuta takardar neman tallafi tukuna, domin babu mai ba da kuɗi ga wanda ba zai iya nuna inda na baya suka shiga ba.

Ƙungiyar da ake zargin juna a kan kuɗi, ko wadda shugabanta ya shekara goma ba a yi zaɓe ba, babu abin da zai yi mata sai mai horarwa a gida, kuma ya kasance mutumin da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa. Tura ɗaya daga cikin masu rigimar bita a irin wannan yanayi ƙara wa wuta fetur ne.

Ƙungiyar mata, ko ta karkara da yawancin 'ya'yanta ba su yi boko mai zurfi ba, ta haɗa ziyara da mai horarwa mace ko namiji mai jin Hausa sosai, a tsara zaman bayan girbi, a kuma bar ma'aji ya rubuta littafinsa da ajami idan da shi ya fi sakewa, muddin akwai wanda zai juya shi zuwa boko domin banki da hukuma.

Ƙungiyar da littattafanta suka daidaita, take son fara karɓar tallafi daga waje, ita ce za ta fi cin moriyar darussan intanet kan tafiyar da ayyuka da kuma bitoci, da sharaɗin cewa mai riƙe da aikin ne zai je, a tura mutum biyu, kuma a sa ranar da za su koyar da sauran a cikin ajandar taro tun kafin su hau mota. Wadda kuma ta girma har ta ɗauki ma'aikata masu albashi, tana riƙe da makaranta ko ƙaramin asibiti, lokaci ya yi da za ta taimaka wa mutum ɗaya ko biyu su yi difloma a lissafin kuɗi ko gudanarwa, da rubutacciyar yarjejeniyar da iyayen ƙungiya suka sa wa hannu.